Dutse ɗaya, suna uku: me za a rubuta a katin katantanwar Ashaka?

Wani malamin sakandare daga Bajoga ya aiko mini da tambaya, haɗe da hoton wani dutse a tafin hannunsa. Ya ce ɗalibinsa ne ya tsinto shi a gefen hanya ta wajen Ashaka, naɗaɗɗe kamar katantanwa amma nauyinsa na dutse. Ya nuna wa mutum uku da suka karanci ilimin duwatsu. Na farko, wani dattijo da ya yi ritaya, ya ce sunansa Gombeoceras gongilense. Na biyu ya ce wannan suna ya tsufa, yanzu Thomasites gongilensis ake cewa. Na uku ya jujjuya shi, ya ce shi dai Vascoceras yake gani. Malamin ya ce: "Wanne zan rubuta a katin da zan liƙa masa a ɗakin gwaje-gwajenmu? Kuma idan masana ba su daidaita a kan dutse ɗaya ba, me zan gaya wa yara?"

Malam, Allah ya saka da alheri da ba ka bar dutsen nan ya zama abin jifan tsuntsu ba. Kafin komai, ka cire zargin cewa a cikin mutum ukun nan akwai wanda bai san aikinsa ba. Na farko da na biyu halitta ɗaya suke nufi, sunanta ne ya canza a tsakanin zamanin karatunsu. Na uku ne yake da saɓani na gaske, kuma saɓanin nasa yana da tushe, domin ni ma da na ƙura wa hoton ido ban iya rantsewa ba.

Abin da ke hannunka ba dodon koɗi ba ne, ko da yake naɗin ya yi kama. Halittar teku ce da ake kira amonayit, 'yar uwar dabbobin nan masu hannaye da yawa kewaye da baki, irin su oktofus. Idan ka fasa katantanwa za ka ga cikinta zaure ɗaya ne tun daga baki har ƙurya. Cikin amonayit kuwa ɗaki-ɗaki ne, bango bayan bango. Dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe, mafi girma, sauran ɗakunan da ta baro a baya suna ɗauke da iska da ɗan ruwa, akwai kuma wani siririn bututu da ya ratsa su wanda take daidaita nauyinta da shi don ta yi iyo. Zuriyarsu ta ƙare gaba ɗaya shekara miliyan 66 da suka wuce. Na wajenmu sun girmi haka: sun rayu kimanin shekara miliyan 94 baya, lokacin da ruwan teku ya yi ambaliyar da ba kasafai ya yi irinta ba, ya shigo ta kwarin Binuwai daga kudu, ya kuma ratso Sahara daga arewa, har inda Bajoga da Pindiga suke a yau ya zama ƙasan wani teku marar zurfi sosai. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Ashaka ana yin siminti da shi, lakar wannan teku ce da ɓawon halittunsa.

Tarihin sunan kuwa ga yadda yake. A farkon mulkin Turawa an turo masu binciken ma'adinai Arewa a ƙarƙashin J. D. Falconer, suka kwashi irin waɗannan duwatsu suka tura Ingila. Henry Woods na Jami'ar Kambirij ya duba su, aka buga bayaninsa a 1911 a ƙarshen littafin Falconer a kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Najeriya. Sunan kimiyya kashi biyu ne, kamar a ce sunan gida da sunan yanka. Woods ya raɗa wa wannan halitta sunan yanka daga Gongila, ƙauyen da ke nan yankinku, ya kuma sa ta a gidan Vascoceras, gidan da Paul Choffat ya kafa a 1898 da duwatsun ƙasar Fotugal, ya sa masa sunan matuƙin jirgin ruwan nan Vasco da Gama. Ka ga ke nan mutuminka na uku bai faɗi nesa ba. Inda idonsa ya kai shi, nan idon Woods ya fara kaiwa.

A 1954 Richard Reyment, wanda yake aiki da hukumar binciken duwatsu ta Najeriya a lokacin, daga baya ya zama farfesa a Ibadan, ya sake duba lamarin. Ya lura cewa bayan Vascoceras, wato gefen waje na naɗin, a mulmule yake sumul, amma ta Gongila tana da layin ƙananan ƙululai ko ɗan doro da ya bi tsakiyar bayanta, sau da yawa bayan ma ya tashi kamar rufin kwano mai gangara biyu. Ya ce wannan bambanci ya isa a raba musu gida. Ya kafa sabon gida ya kira shi Gombeoceras, wato ƙahon Gombe. A shekarar nan ya kafa wani suna, Bauchioceras, ga wata 'yar uwarta da Woods ya kira nigeriensis, don a lokacin duk yankin nan Lardin Bauchi ne. A 1957 W. Barber ya fitar da babban rahoto a kan amonayit na arewa maso gabashin Najeriya, ya karɓi Gombeoceras, ya ma rarraba gongilense zuwa ƙananan rassa gwargwadon kauri da ado. Da waɗannan littattafai aka koyar da dattijon da ka fara tambaya, kuma har yau za ka ga sunan a kundayen ɗalibai da yawa, ana kwafowa daga tsofaffin rahotanni.

Sai dai tun 1907 wani Bafaranshe, Léon Pervinquière, ya riga ya kafa gida mai suna Thomasites da duwatsun Tunisiya, kuma 'yan wannan gida su ma suna da ƙululai a gefen cibiya, wato ramin da ke tsakiyar naɗin, da layi a tsakiyar baya. Da aka tara na Tunisiya da na Najeriya da na wasu ƙasashe aka jera su, sai masana irin su C. W. Wright da W. J. Kennedy, a aikinsu na 1981, suka ga babu katangar da za a iya ginawa tsakanin gidajen biyu. Dokar raɗa wa dabbobi suna ta duniya kuwa a fili take: idan aka gane suna biyu abu ɗaya suke nufi, wanda ya riga fitowa shi ne mai gida. 1907 ta riga 1954. Shi ke nan Gombeoceras ya koma ƙarƙashin Thomasites. Canjin da ka gani a wutsiyar sunan, daga gongilense zuwa gongilensis, nahawun Latin ne kawai, sunan yanka yana bin jinsin sunan gida kamar yadda muke cewa fari da fara.

Ba zan ɓoye maka ba, a matsayina na ɗan Gombe na so a ce sunan nan ya zauna. Amma hujjar haɗewar tana da ƙarfi, kuma ni Thomasites nake rubutawa. Abin da ya kamata ka sani shi ne ba a binne Gombeoceras ba. Haɗe gida biyu hukunci ne na masana, ba doka ba ce, kuma sunan yana nan ɗaure da halittar Gongila har abada. Duk ranar da wani ya kawo hujja gamsasshiya cewa na Gongila reshe ne dabam da na Tunisiya, da wannan sunan za a kira su, ba za a ƙirƙiro wani ba.

Yanzu ga inda wuyar take, wato me ya sa mutum zai riƙe dutsen a hannu ya kasa cewa Thomasites ne ko Vascoceras.

Fara da abin da ya rage mana na dabbar. Naman ya ruɓe tun ranar da ta mutu. Ƙwayoyin gado da ake gwada dangantakar dabbobin yau da su ba sa kai wannan shekaru. Mafi tsufan da aka taɓa karantawa na kimanin shekara miliyan 2 ne. Ko ɓawon ma yawanci babu shi, domin irin sinadarin da aka gina shi da shi yana narkewa cikin dutse da daɗewa. Abin da kake riƙe da shi laka ce da ta cika cikin ɓawon ta daskare. Ka ɗauki alalar gwangwani: idan aka juye ta, siffar cikin gwangwanin take fitowa da ita, rubutu da zanen da ke bayan gwangwanin ba ruwanta da su. Haka dutsenka yake. Adon da ke wajen ɓawon sai inuwarsa kawai ta iso gare mu. Daga nan ruwan sama da rana su ci rabonsu, katafila ta tura shi, tayar tifa ta taka shi. Ƙululan tsakiyar bayan nan da Reyment ya kafa gida sukutum a kansu, a wasu ba su fi ƙwayar gero tudu ba, kuma su ne farkon abin da ke gogewa. Thomasites mai kauri da bayansa ya side, a ido Vascoceras ne.

Sai kuma shekarun dabbar. Amonayit tana canza kama tana girma. A irin waɗannan na wajenmu, ƙaramar takan fito da ƙululai da haƙarƙari a fili, idan ta manyanta sai adon ya dushe, naɗin ƙarshe ya zama sumul. Manya na gidaje dabam-dabam sukan zo su yi kama da juna, asalin kowa yana ɓoye a naɗin ciki. Shi ya sa mai bincike yakan sadaukar da wasu duwatsun, ya fasa su ko ya yanka su biyu don ya ga ƙuruciyarsu. Akwai ma batun mace da namiji: tun farkon shekarun 1960, ayyukan masana biyu, Makowski da Callomon, suka nuna cewa a amonayit da yawa ɗaya jinsin ya fi ɗaya girma nesa ba kusa ba, har an sha ba su suna dabam-dabam kafin a gane miji da mata ne.

Amma babban abin da ya sa duwatsun Ashaka da Pindiga suka yi suna a duniya, suka kuma wahalar da masu raɗa suna, shi ne yadda 'yan nau'i ɗaya suke bambanta da juna. Na taɓa kwashe waɗanda muka ciro daga shimfiɗar dutse guda ɗaya, kaurinta bai kai kamu biyu ba, na jera su a kan dogon benci. Na sa mafi siranta a hannun hagu, wata mai kama da faifai, cibiyarta 'yar ƙarama, jikinta kusan babu ado. Na sa mafi kauri a hannun dama, dunƙulalliya kamar curin fura, cibiya a buɗe, ƙululai manya. Duk wanda ka nuna wa waɗannan biyun kaɗai zai ce halittu biyu ne, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Sai na shiga cike tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya. Da na gama, na kira ɗalibai na ce kowa ya ɗora tsinke a inda yake ganin wani nau'i ya ƙare wani ya fara. Babu mutum biyu da suka ajiye tsinkensu wuri ɗaya. Kowace tana kama da maƙwabciyarta ta hagu da ta dama, babu giɓi ko kaɗan. Wannan tafiya tare da kauri da faɗin cibiya da ƙarfin ado suke yi sananniya ce a amonayit na zamuna da yawa, har ana danganta ta da sunan S. S. Buckman, Baturen Ingila da ya fara bayyana ta.

Manomi ba zai yi mamakin wannan ba. Ƙwarya da masaki da ludayi da gora da shantu duk 'ya'yan duma ne, shuka iri ɗaya. Mun san haka don mun ga yaɗonsa da furensa, mun kuma shuka irin da hannunmu. Ka ƙaddara duma ya ɓace daga duniya, wani baƙo ya zo bayan zamani mai tsawo ya tono ludayi ɗaya a nan, masaki ɗaya a can. Suna biyu zai ba su, kuma bisa abin da ke gabansa ya yi daidai. Sai ranar da ya faɗa kan rumbu guda cike da su, ya ga masu dogon wuya da masu gajere da marasa wuya, sannan zai fara shakka. Woods 'yan ƙwarori aka kai masa. Waɗanda suka zo bayan an buɗe ramin Ashaka, wanda kamfanin siminti ya fara aiki da shi a ƙarshen shekarun 1970, su ne suka samu rumbun: Christian Meister ya fitar da nasa nazarin a 1989, Philippe Courville da Peter Zaborski suka biyo baya a shekarun 1990. Duk sun ga tarin sunayen da aka gada sun yi yawa, amma ba su daidaita a kan nawa za a bari ba, ko wanne zai shiga cikin wanne. Shi ya sa wata amonayit ɗin da aka fara bayyanawa daga Damargu ta Nijar a 1909 za ka gan ta a wata takarda Vascoceras cauvini, a wata Paravascoceras cauvini. Shi kansa Thomasites, wasu sun jera shi a dangin Vascoceras, wasu a dangin Pseudotissotia.

Wannan na ƙarshen yana da dalili mai daɗin ji. A Ashaka, idan kana hawa daga shimfiɗar ƙasa zuwa ta sama, wato daga tsohon zamani zuwa sabo, za ka bar inda Thomasites gongilensis ta yi yawa ka shiga inda Pseudotissotia nigeriensis ta mamaye, ita ce wadda Reyment ya kira Bauchioceras. Bayanta a shafe yake, da doro a gefe da gefe, sau da yawa da na uku a tsakiya. Masu bincike da dama suna ganin ta biyun daga ta farkon ta fito, a hankali, cikin wannan teku namu. Idan haka ne, dole a samu na tsakiya waɗanda ba su gama barin gidan farko ba, ba su gama shiga na biyu ba. Tsarin suna yana son a ce ko nan ko can, halittar kuwa tana kan hanya ne aka binne ta.

Kada yara su ɗauka gardamar banza ce. Da waɗannan sunaye ake sanin shekarun dutse. Nau'in amonayit ba ya daɗewa kafin wani ya gaje shi, kuma suna yaɗuwa nesa, don haka idan aka ga nau'i ɗaya a Gombe da Tunisiya da arewa maso gabashin Barazil, an san shimfiɗun nan sa'o'in juna ne. Idan ka kira naka Gombeoceras, na Tunisiya ya kira nasa Thomasites, za a zaci teku biyu ne da ba su haɗu ba. Idan kuma aka haɗe abin da bai kamata a haɗe ba, za a ƙulla zumuncin da babu shi. Barber ya ɗauki duwatsun nan duka na farkon zamanin da ake kira Turoniyan ne. Bincike na baya ya nuna kashi mai yawa na ƙasa-ƙasan na ƙarshen zamanin da ya gabace shi ne, Senomaniyan. Iyakar zamunan biyu, shekara miliyan 93.9 baya, an kafa ma'auninta a kusa da garin Pueblo na jihar Kolorado a Amurka, da bayyanar wata amonayit mai suna Watinoceras devonense. Ita kuwa ba irin wadda ake tsinta birjik a wajenmu ba ce, saboda haka gano daidai inda layin ya ratsa bangon ramin Ashaka ya dogara da yadda aka fahimci su Thomasites da Pseudotissotia ɗin nan. Masu neman man fetur a kwarin Gongola ma suna buƙatar wannan jeri don su san wace shimfiɗa suke ciki.

Abin da ke warware irin wannan rikici, a iya sanina da aikin, ba ƙarin suna ba ne. Tarawa ce shimfiɗa bayan shimfiɗa, da yawa, kowane dutse da takardarsa, sannan a auna faɗi da kauri da cibiya a ga ko adadin ya taru wuri ɗaya ko ya rabu biyu. A nan ne abin yake yi mini ciwo. Kowane suna yana da dutse guda da aka ajiye a matsayin ma'auni, kamar mudun da ake komawa gare shi idan gardamar awo ta tashi a kasuwa. Mudun sunayen nan namu galibi suna gidajen adana kayan tarihi na Ingila. Ɗalibi a Gombe ko Bauchi da yake son ya gwada nasa da na asali sai dai ya dogara da hoto a tsohuwar takarda. Mu kuma da dutsen yake ƙofar gidanmu ba mu riƙe namu da kyau ba. Na taɓa buɗe wani ɗakin ajiya na tarar da kwalaye cike da amonayit masu kyan gaske, aikin wani da ya sha rana shekaru da suka wuce, gara ta cinye takardun duka. Duwatsun suna nan lafiya lau, amma babu mai iya cewa wannan daga wace shimfiɗa ya fito, ko ma daga wane gari. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin na daɗe ban ce komai ba. Kullum kuma ana fasa wasu dubbai ana niƙawa, wanda ba laifi ba ne, da simintin muke gina gidajenmu, sai dai ya kamata a ce akwai masu bi suna tsinta suna rubutawa kafin su shiga injin.

Dutsenka na gefen hanya ne, ba mu san shimfiɗarsa ba, don haka akwai iyakar abin da zai iya faɗa. Duk da haka kada ka raina shi. Masana suna da hanyar rubuta shakka a cikin sunan kansa, kuma wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu: ka nuna wa yara cewa faɗin iyakar abin da ka tabbatar wani ɓangare ne na aikin. Idan an tabbatar da gida ba a tabbatar da nau'i ba, sai a rubuta sunan gidan a bi shi da sp. Idan ya yi kama da wani nau'i amma dutsen ya gogu, sai a sa cf. a tsakani, ma'ana a gwada shi da wane. Idan ana ganin ɗan uwansa ne na kusa amma ba shi ba ne, sai a sa aff. Idan gidan ne ma ake shakka, sai alamar tambaya ta biyo sunan gidan.

Ga abin da za ka yi. Ka wanke shi da ruwa da tsohon buroshin haƙori kawai, kada a sa masa ruwan batir ko a goge shi da takardar yashi don ya yi sheƙi. Da yamma, lokacin da rana ta karkata, ka riƙe shi yadda haske zai zo masa daga gefe, ka dubi bayan naɗin, ka kuma bi shi da ɗan yatsa, musamman can wajen da naɗin yake ƙarami, domin yatsa yakan ji abin da ido bai gani ba. Idan ka ji layin ƙululai ko ɗan doro a tsakiya, da wasu layuka a gefensa biyu, rubuta Thomasites cf. gongilensis (Woods, 1911). Bakan da aka sa wa sunan Woods yana nufin an ɗauke halittar daga gidan da ya fara sa ta. A ƙasa ka ƙara da cewa a tsofaffin littattafai Gombeoceras gongilense ake kiranta, don yaran su ga sunan Gombe da na Gongila a jikin abin da ya fito daga ƙasarsu. Idan kuwa bayan a mulmule yake ko'ina, babu alamar komai, rubuta Vascoceras? sp. ka bar shi haka.

Kowanne ka rubuta, ka sa ranar da aka tsince shi, da daidai wurin, da cewa a yashe aka same shi ba a jikin dutse ba. Ka rubuta lamba a jikin dutsen da fenti, ka sa lambar a littafin makaranta, saboda kati yana ɓata. Ka gargaɗi yara kada su shiga ramin haƙa ba izini, ana fasa dutse da nakiya a wurin. Idan kun tara da yawa, sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Jihar Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi za su iya duba muku. Ni kuma ka sake turo mini hoto uku, ɗaya ta gefe, ɗaya ta baya, ɗaya ta bakin naɗin, da rula a kusa da shi, domin wanda ka turo ta gefe kaɗai ya nuna, kuma babban yatsanka ya rufe cibiyar.